Amanar Kyanwar Inna

Ni da kyanwar surukata ba mu taɓa shiri ba. Tun ranar da aka kawo ni gidan, a wani ƙauye da ke gefen Kafur, ta dube ni na dube ta, kowa ya kama gabansa. Baƙa ce mai farin wuya, ta tsufa har gashin bayanta ya fara dafewa. Ta taɓa hawa kan audugar da na yini ina gurzawa ta yi mini fitsari, na bi ta da muciya har bayan rumbu. Daga ranar, in na miƙa hannu kusa da ita sai ta yi fuu, ta zaro farce. Ni kuwa da ma ba haƙuri ne da ni ba. Ja'ira nake ce mata, amma a hankali, kada Inna ta ji.

Inna ita ce uwar maigidana. Kyanwar ta shigo hannunta tana 'yar mitsitsiya a shekarar da mijinta ya rasu, kuma tun daga nan tare suke kwana tare suke tashi. Tsakanina da Inna ba faɗa, ba ko kallon banza. Kunya ce kawai, irin wadda aka raine mu da ita. Ban taɓa kallon tsakiyar fuskarta ba. In na gama tuwo sai in durƙusa a bakin ƙofarta in ajiye akushi, in ce, "Inna, ga abinci." Ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan." Ta ja akushin ciki, kyanwar ta bi ta, ta saki asabari. Wace suruka ce za ta tsaya tana kallon uwar mijinta tana kai loma? Shekara uku muna haka, akushi yana fitowa tas. Ranar kasuwar Malumfashi in maigida ya sayo nama, tsokar da ta fi kowace girma nake zaɓar mata, ina jin kaina wata mai kirki.

'Yan shekaru ne bayan samun 'yancin kai, da damina, yanar ido ta gama rufe wa Inna gani. Har ta kai sai da laluben bango take zuwa bayan gida. Aka ce akwai asibitin ido a Kano inda ake kwashe ta. Maigida ya shirya, shi da ita da ƙanwarsa za su hau a-kori-kura zuwa Funtua su kama jirgin ƙasa. Da safen tafiyar, ina goye da 'yata, Inna ta kira ni. Kyanwar tana kan cinyarta.

Ta ce, "'Yar nan, ga amana. Ba ni da kaya a gidan nan sai ita. In Allah ya sa na dawo da ido, ita nake so in fara gani."

Na ce, "In sha Allahu, Inna." A zuciyata kuwa cewa na yi, kyanwa ce fa, mene ne abin wahala? A zuba mata ta ci.

Ranar farko na zuba mata tuwon dawa da miyar kuka a kasko, har da 'yar tsoka a kai. Ta zo ta sunsuna, ta ɗauki tsokar ta juya ta a baki, ta yar. Ta koma bakin ƙofar Inna ta kwanta. Na ce oho, yunwa za ta koro ki. Kashegari haka. Rana ta uku ma haka, sai dai ta lashi miyar kaɗan, ta girgiza kai ta ja da baya. Na tsaya a kanta na riƙe ƙugu na ce, "Ke, don Allah wa kike yi wa yanga? Abincin da uwar ɗakinki take ci ke nan, ba a canza ba." Ta ɗago ta kalle ni da idanun nan nata masu ruwan toka, ta mayar da kai.

A rana ta huɗu na ga ƙashin bayanta ya fara fitowa. Na tare Bafillatanar da ke kawo mana nono na karɓi madara. Alhamdu lillahi, ta sha! Na yi murna har na yi wa 'yata rawa. Kafin azahar ta amayar da ita, cikinta ya ɓaci, ta ɓata ƙofar ɗakin Inna. Daga nan ko kallon madara ba ta ƙara yi ba. Kunu ma sau ɗaya ta lasa ta bar shi ga ƙudaje.

Matan maƙwabta suka shigo, kowa da nata. Duk bakinsu ya zo ɗaya: kewa ce. Dabba ma tana da zuciya, ta rasa mai ita. Na yarda, don ni ma abin da idona ya nuna mini ke nan. Sai na koma neman maganin kewa. Akwai wani tsohon zanen Inna da ta bari a kan igiya, na shimfiɗa mata shi ta kwanta a kai. Na dinga kwaikwayon yadda Inna take kiranta, mus-mus-mus, ina ƙanƙantar da murya kamar wata zautacciya. Abinci kuwa na ƙara masa daraja, don a ganina wanda ba ya son ci da abu mai daɗi ake lallashinsa. Na sa aka sayo kilishi. Na soya mata hanta. Na samo busasshen kifi, na ajiye mata shi sukutum da kansa da jelarsa. Kifin nan ta fi daɗewa a kansa. Ta lashe shi, ta lashe shi, ta sa baki ta gefe, ta yi wani ɗan kuka, ta bar shi. Na ce wa maƙwabciyata, "Kin gani ko? Tana so, zuciyar ce ta hana."

A rana ta shida maigida ya dawo, don gonar auduga tana jiran maimai, ya bar ƙanwarsa tana jinya. Ya ce an yi aikin ido ɗaya, an naɗe shi, sai an kwana biyu za a buɗe. Ya ce da Inna ta farfaɗo ba ta tambayi kowa ba sai kyanwa. Na nuna masa ita. Ya dube ta, ya ce, "Tsufa ne. Ki dai yi iya yinki." Ya ɗauki garma ya fita. Shi a zaure yake cin abinci tun yana saurayi, bai fi ni sanin abin da ake yi bayan asabarin nan ba.

Bayan kwana biyu wani ɗan'uwansa mai fataucin fata zai tafi Kano. Maigida ya leƙo ya ce, "Zai biya ta asibiti. Me za a ce wa Inna game da abar nan?"

Nan ne na yi wautar da har yau take ci mini rai. Na tuna an ce mai sabon aikin ido ba a so ya yi kuka. Na kuma tuna, gaskiya, cewa amana guda ɗaya tak aka taɓa ba ni a gidan, ga shi ko mako biyu ba a yi ba tana zubewa a hannuna. Na ce, "Malam, a ce mata tana nan lafiya lau, tana ci tana sha." Da na ce a tambaye ta yadda take ba ta abinci, da kalma biyu sun isa. Ban ce ba.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya. Da safe in leƙa in ga ko cikinta yana motsi. In sauya mata ruwa, don ruwa kaɗai take sha. Akwai wata tsohuwa Bamagujiya a unguwar bayan rafi da ta san maganin dabbobi, na ratsa ruwa har gwiwa da goyo na je wurinta. Ta ba ni wani sassaƙe ta ce in jiƙa in ɗura mata. Ɗura? Ina matsawa kusa, kyanwar da ko tsayuwa ba ta iya yi sosai ta tattara sauran ƙarfinta ta yage mini bayan hannu. Na zauna a ƙasa daɓas, jini yana zuba, na fashe da kuka. Na ce, "Ni me na yi miki? Muciyar nan ce ba ki manta ba? To na tuba, ki ci abinci!" Ba kowa a gidan sai ni da ita da jaririya. Ban taɓa jin na rasa dabara irin ta ranar ba.

Ɗakin Inna yana nan a buɗe, asabari kawai. Sau da yawa na tsaya a bakinsa ina tunanin ko akwai wani abu a ciki da kyanwar ta saba da shi. Amma in shiga in binciki kayan surukata ba ta nan? Ƙafata ta ƙi. Iyakata in share bakin ƙofa in juya.

Har ɓera na sa aka kamo mata da rai daga rumbu. Ya bi ta gabanta ya wuce, ta bi shi da ido kawai.

A rana ta goma sha shida su Inna suka dawo, da hantsi. Kyanwar tana kwance a kan zanen, ta zama fata da ƙashi, ko kanta ba ta iya ɗagawa. Inna ta shigo da ƙafarta, ba mai ja mata hannu, idon da aka yi wa aiki daga baya a rufe da auduga, na farkon yana ta hawaye saboda haske. Mutane suna ta barka. Ni na durƙusa can gefe, kaina a ƙasa, ina jin kamar in nutse. Ta amsa gaisuwa sama-sama, ta nufi ƙofarta, ta tsaya.

Sannan ta sunkuya ta ɗauke ta da zanen gaba ɗaya, ta shiga ɗaki. Ta ce, "'Yar nan, zo. Kawo ruwan ɗumi da kifi in akwai."

Na kawo, na tsaya a bakin ƙofa yadda na saba. Ta ce, "Shigo ciki." Na shiga. Ta sa hannu ƙarƙashin gado ta jawo wani ƙoƙo. Magogi biyu ne a ciki, irin marfin gwangwanin nan da ake hudawa da ƙusa, tsofaffi suna goga goro a kai. Ɗaya ya yi ja da goro. Ɗayan baƙi ne, yana maiƙo. Shi ta ɗauka. Ta ɓare kifin ta goga shi ya zama gari, ta ɗiga ruwa ta dama da yatsa. Sai ta buɗe bakin kyanwar da babban yatsanta, ta juyo da shi wajen haske don in gani. Babu haƙori sai guda ɗaya a gaba. Dasashin ya yi jawur, ya kumbura.

Ta ce, "Tun bara nata suka zube. Nawa turamen sun riga nata da shekara biyu. Naman da kike kawo mini, a nan nake goga mana, ni da ita." Ta shafa kan kyanwar. "Na ɗauka kin sani."

Na ce, "Inna, ban taɓa ganin kina cin abinci ba."

Ta juyo da idon nan guda ta dube ni, ni ma na dube ta, karo na farko. Kumatunta sun lotsa ciki. Shekara uku ina zaɓar mata tsoka mafi girma.

Ta lakato kifin ta shafa a harshen kyanwar. Harshen ya motsa, ta haɗiye. Wallahi ta haɗiye, na gani da idona, har na ce, "Ta ci, Inna, ta ci!" Ta sake lakatowa. Wannan karon ya tsaya a bakin, ya gangaro ta gefe. Inna ta goge mata da bakin zane, ta sake gwadawa, ta sake. Daga baya ta ajiye magogin, ta ɗora hannu a kan haƙarƙarinta kawai. Ina nan zaune ban motsa ba, 'yata tana ta kuka a bayana ban ko jijjiga ta ba. Ana kiran la'asar Inna ta janye hannunta, ta ja zanen ta rufe ta.

Na ce, "Ni na ce a gaya miki tana lafiya. Ki yafe mini."

Ta ce, "Na dai gan ta." Ba ta ƙara komai a kai ba, ranar ko bayanta.

Maigida ya haƙa rami a bayan rumbu. Ni na shiga madafa, don ko me ya faru sai an ci tuwo. Da na gama na kai akushi bakin ƙofa, na durƙusa, na ce, "Inna, ga abinci." Ta ja shi ciki. Ina jira in ji saukar asabari, ban ji ba. Ta zauna tana kallon wurin da kyanwar take tsugunawa, hannunta a kan baƙin magogin.

Ta ce, "Ɗauko naki ki zo nan. Ban iya ci ni kaɗai ba."

Na ɗauko na zauna a gabanta. Ta tsamo tsokar daga miya ta fara gogawa, a hankali, yadda ta saba, ta raba garin gida biyu a gefen akushi. Sai da ta gama rabawa ta lura. Ta tsaya tana kallon kashi na biyun, ni ma ina kallonsa, tuwon yana hucewa a tsakaninmu.