Shingen Matar Gardi

Har yau in na ga hoton gyado a littafin lakkwal, wato na makarantar jikokina, sai in ji raina ya ɓaci. Su dariya suke yi, wai alade mai haure da wutsiya a miƙe. Ni na zauna daji ɗaya da shi, na san halinsa, kuma ban yafe masa ba. Ba shi kaɗai ba ma.

Ƴan shekaru bayan turawa sun miƙa mulki aka tura mai gidana gadin gandun daji, cikin wani kwari tsakanin Buza da Madawa. Gardi ne, da kakinsa da hularsa da bindigar da ban taɓa jin ƙararta ba. Aikinsa hani ne: kada a sari icce, kada a harbi dabba, kada a sa wuta. Wanda ya kama da ɗanyen reshe, sai ya karɓe gatarinsa, reshen kuma a jawo shi a tara a ƙofar gidanmu har motar sarwisi, ta ma'aikatarsu, ta zo ta kwashe. Motar kuwa sai ta ga dama. Saboda haka mutanen ƙauyen da ke bakin gandun ba su ƙaunar ko inuwarmu. In na shiga kasuwarsu sai hira ta mutu, in na juya baya in ji ana cewa ga matar mai ƙwace nan.

Ni ƴar Tama ce, cikin garka na tashi. Mahaifina yana da wata albasa ja mai duhu, wadda ke ƙetare damina a rumbu ba ta ruɓe ba. Daga hannun ubansa ya karɓe ta, kowace shekara shi ke fitar da irinsa da kansa. Shekarar da ya rasu ruwa ya cinye garkar, yayyena kuma sun tafi cin rani, ba su da niyyar dawowa. Ƴan kawunan da suka tsira inna ta ba ni, ta ce in dasa su su yi fure in fitar da iri, in ba haka ba albasar gidanmu ta ƙare. Ban da su babu saura ko'ina a duniya.

Na dasa su kusa da rijiyar gandun, na kewaye da darnin kara. Kowace macen Adar ta san ƙaya ake sa wa garka. To ni matar gardi ce. Ga tulin ƙayar mutane a ƙofar ɗakina tana bushewa, farar ƙaya mai kyau, na ce mai gida ya ba ni ko kaɗan, ya ce kayan gwamnati ne. Gwamnati! Sai ka ce da ita za ta yi miya.

Sannan ga baƙi. Ran Asabar motoci kan shigo, a kafa tanti ƙarƙashin gawo, a kwana biyu ana yawon kallo. Mutanen asibitin mishan in sun zo ba ruwansu da kowa, su yi ƴan waƙoƙinsu na addu'a, su leƙa tsuntsaye da madubin hangen nesa, su roƙi ruwa su yi godiya. Manyan ma'aikata daga gari su ne ciwon kaina. Sun ga barewa daga nesa, sun ga zabin daji da jan biri, bai ishe su ba, gyado suke so kusa don a ɗauki hoto. Sai su watsa ɓawon rogo da ragowar burodi da gishiri a gefen rijiya, mai gidana na biye da su yana riƙe musu jaka yana washe baki. Ba a daɗe ba wata uwar gyado da ƴaƴanta suka gane hanya, ko babu baƙi sai sun zo duba rabonsu.

Wata rana da hantsi na dawo daga wanki na tarar darnin a kwance. Rabin fangalin an tone shi, kawunan albasa a warwatse, an gatsa an tofar. Aikin uwar gyadon nan ne da ƴaƴanta, ko ci ba su yi ba, ɓarna ce kawai. Na zauna a ƙasa na yi kuka, sannan na tashi na sami mai gida.

Na ce, "Malam, ko ka harbe ta ko ka ba ni ƙaya."

Ya ce, "Ke, kin san doka. Ki ƙara kara."

"Karan da tat taka kamar tabarma?"

Ya ɗauki butarsa ya bar ni tsaye.

Da ya tafi rangadi wajen Keita, na ɗauki gatarina na shiga daji. Ban ɓoye ba, kuma ko yau aka mayar da ni zan sake. Na sassari rassan farar ƙaya, na jawo su da igiya, hannuwana duk jini, na yi shingen da ko kaza ba ta ratsawa. Uwar gyadon ta zo ta zagaya, ta yi gurnani, ta koma. Sauran albasar ta miƙe, ta fitar da kara, kawunan fure suka buɗe fari fat, ƙudan zuma na ta yini a kansu. Ina cikin ban ruwa wani tsoho daga ƙauyen ya biyo da awakinsa, ya tsaya ya dubi shingen da kyau, ya ce sannu da aiki, ɗiyata. Na amsa da murna, wawuya da ni. Ban san bara mai gidana ya tumɓuke masa shinge da wake a ciki ba.

Ranar da mai gida ya dawo, kafin ya sauka daga doki mazan ƙauyen sun cika ƙofar gida, sun zauna a gefen tulin ƙayarsu. Tsohon ne ya yi magana, a hankali, ba faɗa.

Ya ce, "Gardi, mun zo mu ga ko dokag ga ta san ƙohwar gidanka."

Mai gidana ya tafi ya ga shingen, ya dawo fuskarsa ta yi toka. Ya ce in kawo gatarin. Na kawo, na jefa masa a ƙafa. Na ce ya riƙe gatarin har abada, amma shingen a bar shi iri ya nuna, saura kaɗan. Ya ƙi dubana. Sai na juya ga tsohon, na durƙusa a gaban mazan da ko gaisuwata ba su amsawa.

Na ce, "Baba, kai manomi na. Irin ubana na, babu wani bayanshi. Ku ba ni wata guda."

Ya ce, "Wakena ma saura kaɗan ya nuna, ɗiyata. Tambayi mijinki kwana nawa yab ba ni."

Da hannunsa mai gidana ya tumɓuke shingen, reshe bayan reshe, su kuma suka taya shi jawowa, abin da ba su taɓa yi da daɗin rai ba sai ranar. Aka ɗora ƙayata a kan tulin. Suka yi masa sallama suka tafi.

Daga nan na koma garkar da zama. Can nake daka, can nake girki, taɓarya a gefena. Gyado da rana yake yawo, in rana ta faɗi ya shige raminsa, don haka na ce in dai ina numfashi ba zai wuce ni ba. Uwar gyadon na kore ta da jifa, na kore ta da ihu, har muryata ta dushe. Kawunan furen suka fara yin ƙwaya.

Sai Asabar ta kawo wani babban ma'aikaci da abokansa. Suka kafa tanti, suka watsa ɓawonsu kamar kullum, na ce su matsa da shi can nesa, suka yi kamar iska ce ta yi magana. Da la'asar uwar gyadon ta fito da ƴaƴanta. Ta shinshini ɓawon, ta wuce shi, ta nufo fangalina kai tsaye. Na ɗauki taɓarya na yi kanta ina zagi. Sai na ji babban nan yana cewa, "Gardi, riƙe matarka, za ta ɓata muna hoto!"

Ya riƙe ni. Wallahi ya riƙe ni. Ya kama damtsena da hannu biyu, yana ce mini a kunne in yi haƙuri, aikinsa ne, in rufa masa asiri. Na cije shi, bai saki ba. Ina kallo ta durƙusa a gwiwoyinta na gaba, yadda suke yi in za su tona, ta sa hanci a ƙasa ta bi layin tana turewa, ƴaƴan na biye suna tattakewa. Akwatin hoton na ta ƙaras ƙaras. Wani cikinsu har da tafi. Da suka gama ɗauka ne ya sake ni, ya buga ƙafa ya ce kai, ta ɗaga wutsiya ta tafi abinta.

Na tsince kawunan furen daga cikin laka. Na murza ɗaya a tafin hannu, ƙwayar ba ta yi baƙi ba, fara ce, ruwa na fita kamar nono. Duk ƴar garka ta san ma'anar wannan. Amma na shanya su a faifai cikin inuwa, na sheƙe, na ƙulle a tsumma, na jira sanyi ya dawo. Tsakanina da mai gida kuwa sai ga tuwonka, sai ga ruwanka.

Da lokaci ya yi na gyara ɗan fangali a bayan ɗaki, na yafa irin, na rufe da ƙaiƙayi. Safe da yamma ina ban ruwa da ƙwarya. Kwanakin da albasa ke tsirowa suka zo suka wuce. Daga baya wasu ƴan siraran ganye suka leƙo, na hana kaina taɓa ko ɗaya, na ci gaba da zuba musu ruwa har suka kai tsawon yatsa.

Wata safiya mai gida ya zo ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallo. Ya ce a hankali, "Wagga ai ciyawa ta."

Na ce, "Na sani. Matsa, ka tsaya mini a hanyar ruwa."