Kalilu Midibal da Ɗakin Kwano

Duk wanda ya zauna Jibiya ana saura 'yan shekaru Turawa su tattara nasu ya nasu, ya san Kalilu Midibal. Ɗan goggona ne, taubashina ke nan, don haka in na tona masa asiri ba mai kai ni gaban alƙali.

Aikin kuku ya yi wa wani Bature a Katsina. Ya dawo mana da gajeren wando da kalmar Turanci guda ɗaya tal: midibal. Ya ce asalinta sunan wani zamani ne can baya a ƙasar Turawa, lokacin da su ma ba mota ba lantarki, sai doki da takobi da sulke. Amma maigidan nasa ba don tarihi yake faɗinta ba. In ya ga rijiya ba murfi, ko nama a faifai ƙudaje na biki, sai ya yamutsa fuska ya ce midibal. Uwargidan kuwa in ta ga ganuwar Katsina ita ma haka take cewa, sai dai ita da murna, har da ɗaukar hoto. To, Kalilu irin ta maigidan ya kwaso.

Ya kafa teburin shayi kusa da shingen kwastan, inda motocin Maraɗi ke tsayawa, kuma daga ranar ba abin da ya tsira daga bakinsa. Jaki midibal. Ƙwarya midibal. Raƙuman kanwa ma bai ƙyale su ba, har wani Buzu ya dafa takobi ya tambaye shi ko zagi ne, ya ce a'a wallahi, gaisuwa ce. Ni kaina ranar da na ƙunsa lalle ya jefe ni da ita. Na ce gara ni da ƙato mai yawo da ƙwauri a waje kamar zalɓe.

Mutum ɗaya ce bai taɓa faɗa wa ba, mahaifiyarsa Goggo Salmatu mai daddawa. Da daddawar nan ta rene shi bayan rasuwar ubansa, a ɗakin ciyawa mai yoyo, tun yana yaro shi ke tara ƙwarya duk damina. Ya rantse sai ya kwantar da ita inda ruwa ba ya shiga. Ya ƙuntata wa kansa har ya gina mata ɗaki, ya sa mota ta kawo kwanon rufi daga Katsina. Kai, ɗakin nan ya yi ƙyalli! Tun daga tsallaken iyaka ake hango shi, direbobi har kwatance suke yi da shi.

Goggo ta shiga da azahar, ana tsakiyar bazara. Ba ta daɗe ba ta fito sharkaf da gumi. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai ta ce, "Kai wannan yaro, mi na yi maka za ka gasa ni da raina?" Da ruwan farko ya sauka, Kalilu ya lallaɓa ta ta sake gwadawa. Kwano ya ɗauki ƙara, ta fito a guje tana salati, ta ce ita ba ta kwana cikin ganga.

Ba ta bar ɗakin ya zauna banza ba fa. Ta lura zafinsa na nunar da kalwa da wuri, sai ta mai da shi ɗakin daddawa. Wari ya riƙa tashi har teburin shayi. Direbobi su zo su buɗe hanci su ce, "Kalilu, yau ma ƙamshin zamani ne?" Ni ma na yi dariyata har da hawaye. Amma ranar da na same shi bayan ɗakin ya haɗa kai da gwiwa, wallahi ya ba ni tausayi.

Ya ce, "Talatu, ke take ji. Tambayo min ita abin da take so."

Na je. Goggo ta ce, "Ki ce masa ya sa wa ɗakin hula. A baibaye shi da shuci, kada in ga kwano ko kamar tafin hannu."

Kalilu ya yi tsalle ya dire. Kwanon da ake hange daga tsallaken iyaka, ƙasar da Faransi ke mulki, shi za a binne cikin ciyawa? Ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu. Sai damina ta kankama. Wata safiya ya shiga gaishe ta a tsohon ɗakinta na ciyawa, ya tarar tabarmarta jiƙe, tana tari, ga ƙwarya ta tara a tsakar ɗaki da kanta.

Ranar kasuwa ce, gari cike. Bai ko nemi mai baibaya ba. Shi ya hau da gajeren wandonsa, ni ina miƙa masa dammunan shuci, jama'a sun yi cincirindo ana shewa. Ya yi ta baibaya har ƙyallin nan ya ɓace ƙaf.

Kashegari Goggo ta kwashe daddawarta, ta share, ta yi turaren wuta, ta shimfiɗa tabarma. Bayan azahar muka ji minshari. Kalilu ya zauna a bakin ƙofa, hannuwa duk yankan ciyawa. Wani direba ya leƙo ta katanga ya ɗaga murya, "Kalilu, wannan rufin fa, mi sunanshi da Turanci?"

Ya ce, "Midibal ne. Rage murya, Inna na barci."