Ƙanƙarar da ta tsorata Baba a Ard al-Liwa

Ina shekara ta biyu da fara karatu a Alƙahira Baba ya zo a yi masa aikin ido. Yanar ido ce ta rufe masa na dama, na hagun ma ya fara gani dishi-dishi. Manomi ne, ya haura saba'in, bai taɓa fita ƙasar waje ba. Kafin ya taso ya tambaye ni a waya irin kayan da zai ɗauko. Ranar ina tsaye a barandar ɗakinmu a unguwar Ard al-Liwa da singileti, ina gumi, sai na ce masa sanyi bai shigo ba tukuna, riga biyu da hula sun isa. Farkon Disamba ne.

Ya sauka da rana tsaka cikin zafi. Washegari da safe ruwan famfo ya ƙi taɓuwa, sai da na ɗumama masa na alwala. Na sa masa rigar sanyina, kafin azahar ya tuɓe ta yana fifita da hula. Da la'asar wata iska ta taso mai ratsa ƙashi, ya ce in miƙo masa rigar da sauri. Haka muka yi kwana uku, a sa a cire.

"Wai kai, wane lokaci ake ciki a garin nan?" ya tambaye ni.

"Lokacin ɗari ne, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi sama da idonsa mai ɗan dama-dama. "Ɗari da gajimare? Wannan ai hadari ne."

Na ce haka suke, nan da sanyi ake ruwa. Ya dube ni kamar na faɗi wata magana ta rashin hankali. Ni ma da na ji ta a bakina sai ta yi mini wani iri, don ban taɓa tsayawa na yi tunaninta ba.

An yi aikin a wani asibitin ido a unguwar Mohandessin. Da likita ya cire bandeji, Baba ya daɗe yana kallon tafin hannunsa yana hamdala. Likitan ya ja mana kunne: kada ruwa ya taɓa idon, kuma in ya ga fari-fari ya dawo masa, mu zo nan take.

Kwana biyu bayan haka, da hantsi, ina kicin ina dafa shayi gari ya yi duhu. Aka yi tsawa, sai na ji ana ruwa da wani irin ƙara kamar ana watsa tsakuwa a kan kwano. Ban damu ba, tagogi a rufe suke. Can bayan ƙaran ya lafa na ji Baba ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba.

Na same shi tsaye a bakin taga ya dafe bango.

"Idon ya koma," ya ce.

"Ya koma ina, Baba?"

"Fari nake gani. Ƙasa fari, kan motoci fari. Aikin ya lalace."

Ban ko leƙa tagar ba, na shiga neman takardun asibiti, na zazzage jaka a kan katifa, na kira lambar likita ba a ɗauka ba. Sai da na zo kama hannunsa mu fita idona ya kai waje. Na tsaya. Lungunmu da na sani da baƙin kwalta da tarin shara ya koma fari fat. Rufin tuk-tuk, babur mai ƙafa uku, da ke ƙofar gida fari, igiyoyin shanya fari. Na murza idona. Na ɗan lokaci, wallahi, na zaci ni ma wani abu ne ya same ni.

"Baba, ni ma fari nake gani."

"Kai ma?"

Daga ƙasa muka ji mutane suna ihu, "Talg! Talg!" Na ɗauki kwano na sauka a guje. Mai gadin gidanmu, wani dattijo mutumin kudancin Masar, yana tsugune yana dumbuzar abin da hannu biyu yana dariya. Ya ce tun da yake bai taɓa ganin ya taru haka ba. Wani maƙwabcinmu ɗan Sudan ya ce wannan ba talg ba ne, wato dusar ƙanƙara, barad ne, ƙanƙara mai ƙwaya, suka hau musu. Na ciko kwanon na bar su.

Baba ya sa yatsa ya juya abin, ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya kai kusa da sabon idonsa.

"Ƙanƙara ce," ya ce. "Na san ta. Amma mu da zafi take zuwa, farkon damina, ta kakkarya gero ta narke. Wannan me ta zo yi cikin ɗari?"

Ana haka wani abokin karatuna ya bugo yana cewa a can gabashin gari irin ta Turai ce ta sauka, mai laushi kamar auduga. Har yau ban san ko gaskiya ya faɗa ba.

Duk da haka Baba ya ce sai likita ya duba shi hankalinsa zai kwanta. Muka fito, na yafa masa tawul a ka. Abin ya fara narkewa, lungu ya cika da ruwa mai sanyin tsiya, ba inda zai bi ya wuce. Santsi ya kwashe ni sau ɗaya, Baba ne ma ya riƙe ni. Da muka tsallaka layin dogo muka shiga Mohandessin, sai ga rana ƙwal, titi a bushe, mutane na tafiya da rigunan sanyi a hannu. Mu kaɗai ne da jiƙaƙƙun ƙafafu.

Na yi wa likita bayani. Ya ce su nan ko ɗigo ba su gani ba, ya dube mu, ya dubi takalmanmu. Ya haska idon ya ce, "Tamam, ya hagg," wato komai daidai, Alhaji. "Ma'alish, ba komai, idonka lafiya lau."

A tasi muna komawa Baba ya taɓo ni. "Tambaye shi, su yaushe suke shuka? Da wannan ruwan?"

Na tambayi direban. Ya ce shi ɗan ƙauye ne, gonarsu da ruwan kogi suke shayar da ita, ruwan sama ba ya ƙara musu komai sai taɓo da cunkoson motoci. Na fassara.

"Manomi ne ya ce ruwan sama bai da amfani?"

"Haka ya ce, Baba."

"Sake tambayarsa."

Na sake. Direban ya maimaita, har da ɗaga hannu. Baba ya gyara zama ya juya wajen taga. Ya ce Larabcin nawa ne bai nuna ba, in mun isa gida in nemo masa wani babba ya tambaya masa.