Shekarar da Hannun Inna Ya Ƙanƙame

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, a jinyar Inna na ƙare ta. Ana ta hayaniyar siyasa a titunan Fagge, ni kuwa ina ɗaki ina matsa mata ƙafa.

Inna tana sayar da atamfa a gida. Ta daɗe tana shan ƙwayar hawan jini mai sa yawan fitsari, sai kuma gudawa ta kama ta wajen wata guda. Daga nan jijiyoyin ƙafarta suka fara ɗaurewa, yatsunta na rawa har ludayi ya suɓuce mata. Takan dafe ƙirji ta ce, "Zuciyar nan sai ta yi tsalle, ta tsaya, sannan ta ci gaba." Rannan ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida tana shure-shure. Dangi suka ce iska ce, aka shiga hayaƙi da jiƙe-jiƙe. Na gaji da wanki, na gaji da amsa wa 'yan dubiya tambaya ɗaya.

Cikin masu sayen atamfarta akwai wata tsohuwar nas 'yar ƙabilar Ibo, mazauniyar Sabon Gari, Madam muke ce mata. Ta zo dubiya da abin awon jini. Tana ɗaura shi a damtsen Inna ta hura, sai yatsun suka ƙanƙame, hannun ya lanƙwashe.

"'Yata, wannan ba iska ba ce," in ji Madam. "Ki kai ta asibiti yau, ki ce a gwada gishirin jininta."

Na kai ta aka ɗebi jini, sau uku ina zuwa ɗakin gwaji kafin sakamako ya fito. Likita ya ce wani sinadari, maganisiyam, ya kusa ƙarewa a jikinta, ƙwayar hawan jinin da gudawar ne suka wanke shi.

"Shi ke daidaita bugun zuciya da aikin jijiyoyi," ya ce. "Da kun ƙara jinkiri, zuciyar na iya tsayawa."

Ban ma iya jin tsoro ba. Zama kawai na yi a benci.

Aka kwantar da ita, aka yi kwanaki ana ƙara mata ruwa mai ɗauke da sinadarin, aka canza ƙwayar, aka ce ta riƙa cin wake, gyaɗa da alayyahu. Rawar ta lafa a hankali, ko da yake hannun bai koma daidai ba.

Ranar da aka sallame mu, na idar da sallar azahar na kishingiɗa a kan darduma, barci ya kwashe ni. Inna ce da kanta ta tashe ni, ta ce la'asar na neman wucewa.