Kitson da Na Yi wa Mawaƙiyar Bukit Bintang

A shekarun korona muna zaune a Brickfields, wata unguwa a birnin KL na ƙasar Malay, hawa na shida, ni da maigidana da yaranmu biyu. Shi yana karatun digiri na uku, ni kuma kitso nake yi wa matan 'yan Najeriya a falo, sana'ar da na taho da ita daga Kano. Da aka saka dokar kulle kitso ya mutu murus, don wadda ba ta leƙa ko ƙofar gida ɗankwali ya ishe ta. Sai da aka sassauta suka fara dawowa ɗai-ɗai, kowacce da takunkumi a fuska, kai kuwa ba a magana.

Cikin masu zuwa akwai wata 'yar Jos, ɗaliba a wata kwalejin kuɗi. Gambarar zamani take yi, wadda suke kira hip-hop. A cikin sif ɗin kayanta take ɗaukar murya, ta shige tsakanin riguna da wayarta, don kada maƙwabta su kai ƙara. Ni ba mai jin irin waƙar ba ce, amma ranar da ta kunna min ɗaya ina mata kitso, sai da na tsaya da kibiya a hannu. Ta zuba Hausa, ta juya buroka, ta koma Turanci, numfashi bai yanke ba. Waƙar a kan direban tasi ce da zai hango fuskarka ya ƙara mai, da mai gidan da zai ce ɗaki yana nan a waya, in ka je ya ce yanzun nan aka kama. Duk mun sha wannan. Masu sauraronta dai ba su wuce 'yan ajinsu ba.

Wata rana ta shigo min tana rawar ƙafa.

"Anti, Allah ya kawo hanya!"

Wai akwai wata mawaƙiya 'yar ƙasar, sananniya cikin waɗanda ba a saka su a rediyo, masu ce wa kansu 'yan ƙarƙashin ƙasa. Ta ji waƙarta, ta ce za ta ba ta baiti guda a sabuwar waƙarta, har da fitowa a bidiyo. Amma tana son zane irin namu a kanta, kuma ba na shago ba, na hannun Ba'afirkiya.

Na ce, "Me ya samu nata gashin?"

"Anti, don Allah. In kika ƙi, ni kika kashe wa."

Maigidana ya ce in je tunda mace ce, in dai ban cire takunkumi ba. Muka hau jirgin monorail daga bayan tashar KL Sentral, jirgin kusan babu kowa, muka sauka Bukit Bintang, unguwar masu kuɗi.

'Yar ƙarƙashin ƙasar a hawa na talatin da biyu take zaune. Mai gadin ƙofa ya auna zafin jikinmu, ya duba na'urar, ya sake aunawa. Ya nemi fasfo. Muna tsaye wasu mutum uku suka shige, goshi kawai suka miƙa. Da ya gama juya takardunmu ya nuna mana lif ɗin baya, wanda ake hawa da shara da tukunyar gas.

Mai aikin gidan ce ta buɗe mana, wata dattijuwa 'yar Indunusiya mai sanyin murya. Sai ga mawaƙiyar ta fito cikin ƙatuwar riga, sarƙa a wuya kamar ta ɗaure bijimi, tana tafiya tana jan ƙafa ɗaya. Da Turanci ta tarbe mu, murya a maƙale a hanci irin ta baƙaƙen Amurka na talabijin. Ta kira ni 'yar uwarta, ta kira ni sarauniya. Ta miƙo hannu kamar za ta rungume ni, sai ta tuna, ta ja baya ta ce wa mai aikin ta fesa mana sanitaiza. Har jakata aka fesa.

'Yar Jos ta gaya mata abin da mai gadi ya yi. Mawaƙiyar ta dafe ƙirji ta ce abin kunya ne, ai shi ya sa take waƙa, don irin wannan zaluncin. Wayar da ake kiran mai gadi tana manne a bango, taku biyu daga inda take. Ba ta ɗaga ba.

Na zaunar da ita na fara tsaga. Gashin santsi gare shi kamar gashin masara, ka kama nan ya sulluɓe can. Dole na haɗa da gashin doki na danne sosai. Zane na farko bai kai ƙeya ba ta fara ihu da Malay, wai zafi.

"Sakit lah! A hankali!"

Muryar Amurka ta gudu, ta koma 'yar gidansu. 'Yata mai shekara biyar tana zama a yi mata wanda ya fi wannan ƙanana tana cin gyaɗa.

Don ta manta da zafin ta kunna mana waƙoƙinta. Rabi Turanci, rabi Malay, duk a kan yunwa da titi da 'yan sanda da yadda ta taso ba ta da kowa. Ana cikin baitin yunwar mai aiki ta shigo da faranti uku, uwar ɗakin ta ɗanɗana ɗaya ta ce a mayar, ya huce. A kowane layi kuma sai ta jefa kalmar nan da baƙaƙen Amurka ke kiran junansu da ita, wadda aka kira kakanninsu da ita da bulala a hannu. Tana faɗa tana kallon 'yar Jos ta madubi, ita kuwa tana gyaɗa kai tana dariya. Wannan dariyar ta fi komai ƙona min rai.

Mawaƙiyar ta tambaye ni ko a unguwarmu ana harbe-harbe. Na ce a unguwarmu rini ake yi da ɗinkin hula. Da alama ba amsar da take so ba ce. Ta sake tambaya ko na san wasu mawaƙan Amurka, ta jero sunaye. Na ce ban san ko ɗaya ba. Ta yi dariya ta ce ni ba baƙa ba ce ta gaske ke nan. Na ja silin da ke hannuna fiye da yadda ya kamata, kuma ban ba ta haƙuri ba.

Awa biyar muka yi. Da ta ga kanta a madubi ta yi tsalle, ta ɗauki hoto ya fi a ƙirga, ba ko ɗaya da ni a ciki. Muna saka takalmi na ji tana ce wa mai aikin ta goge kujerar da na zauna. Ta lif ɗin baya muka sauka.

A hanya na ce wa 'yar Jos, "Ke, waccan ba ta kama ƙafarki ba a waƙa. Me kike mata fadanci?"

"Anti, ba ki gane ba. Ita ake saurara. In ta ambace ni sau ɗaya, shi ke nan."

A Kampung Baru, tsohuwar unguwar Malay, suka ɗauki bidiyon, gaban wani tsohon gidan katako da suka roƙi masu shi. Da ya fito, 'yar Jos ta kawo min a waya muka kalla tare. Na ga kitsona, ya zauna daram, wannan kam ba zan yi ƙarya ba. Amma fuskar da ke ƙarƙashinsa ban gane ta ba da farko. An shafe ta da hoda mai duhu tun daga goshi har wuya, an manta da hannuwa, tana wurga su suna fari tas. Tana zaune a matakalar gidan mutane kamar a nan aka yanke mata cibiya.

Muka jira baitin 'yar Jos har waƙa ta ƙare. Babu. An cire. Layi biyu daga ciki, na direban tasin nan, sai ga su a bakin mawaƙiyar, an mayar da su Malay. Ita kanta mai baitin sau biyu ta gilma a baya, tana gyaɗa kai, takunkumi ya rufe mata rabin fuska.

"Sun ce waƙar ta yi tsawo ne," ta ce min. "Amma ai an gan ni, Anti."

Na ce, "An ga goshinki."

Ba ta yi fushi ba, kuma na so a ce ta yi. Har ta yaɗa bidiyon a shafinta da godiya. Daga baya na ga wata hira da aka yi da mawaƙiyar ta intanet, tana bayanin cewa kitson alama ce ta gwagwarmaya, ta yi shi ne don tsayawa tare da waɗanda ake dannewa. Mai tambayar har da jinjina.

Gwagwarmayar kwana shida ta yi. A na bakwai ta turo min saƙo: kai yana ƙaiƙayi, ƙuraje sun fito a gaban goshi, in zo yau in tsefe. Na ce ina da aiki. Ta sake turowa, ban buɗe ba.

Da la'asar waya ta yi ƙara, kiran bidiyo. Mai aikin ce. Ta jingine wayar a tebur, uwar ɗakinta na zaune a gabanta tana latsa wata wayar, an tsefe zane ɗaya da rabi, sauran ya cukurkuɗe da gashin doki. Idon dattijuwar ya yi ja. Da ɗan Malay ɗin da nake ji na gane tun safe ake mata faɗa.

Don ita na tsaya. Na kira 'yata na zaunar da ita a gabana, na nuna wa dattijuwar a kanta: ta yanke jelar daga ƙasa, ta shafa mai, ta bi da bakin mataji sili-sili, kada ta ja. Ta kama da wuri, hannunta mai kyau ne. Muka yi ta yi har aka kira magariba, mawaƙiyar ba ta ɗago ta kalli wayar ba ko sau ɗaya, sai tsaki in an taɓa ƙurji.

'Yar Jos ta ci gaba da zuwa kitso har ta gama karatu ta koma gida. Waƙa ba ta ƙara kunna min ba, ni ma ban tambaya ba.