Autan Inna a Ayarin Fatake

Ni ban taɓa zama mai son fim ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba. Autanmu ne ya haɗa rabona da nasa ya kwashe. Acaɓa yake yi tsakanin Gwaram da Sara, amma in ka ji shi yana ba da labarin wani jarumi da yake so, sai ka rantse ɗaki ɗaya suke kwana. Ya san irin hular da mutumin yake sawa, ya san yadda yake ɗaga gira in zai yi faɗa. Shi da abokansa na tashar babura, in babu fasinja, aikinsu ke nan, su haɗa kai a kan waya ɗaya suna musu. Nakan ce masa da wannan ƙwaƙwalwar a karatu ya zuba ta, da yanzu ana damawa da shi a sakatariya. Sai ya yi dariya ya ce Yaya ba za ki gane ba.

Wata shekara, bayan an gama girbi, labari ya zo cewa jarumin nasu zai yi fim na tarihi, labarin fataken da, masu zuwa kurmi da jakuna su dawo da goro. Kuma a duwatsun Birnin Kudu za a ɗauki wani sashe, garin da nake aure. Kafin in gama jin labarin, sai ga auta ya jingine babur a zaurena, ya ce ya zo kwana biyu. Masu fim suna neman mutanen da za su cika ayari, shi kuwa ya saba da jaki tun yana yaro a gonar kawunmu a Sara, sai aka ɗauke shi. Suka ba shi wata tsohuwar taguwar saƙi, suka sa ya cire agogo da takalmi, ya wuni yana jan jaki a kan dutse mai zafi. Ya dawo ƙafa duk ta yi bororo, baki har kunne. Wai jarumin da kansa ya dafa kafaɗarsa ya ce masa sannu da ƙoƙari. Wannan dafa kafaɗar mun sha labarinta har ta gundure mu.

Innarmu da ke Gwaram ko a jikinta. Cewa ta yi mutanen da suka rasa aikin yi ne suka samu wanda ya fi su rashin aiki.

Da damina ta faɗi, ranar wata kasuwa, mota ta buge auta a hanya yana dawowa daga kai fasinja. Bai kai asibiti ba. Wayarsa kuma ta farfashe a wurin, ba a tsinci abin kirki ba.

Bayan an watse daga zaman makoki, Inna ta ce a nemo mata hotonsa. Abokansa suka zo da wayoyinsu, kowa yana nuna nasa. Duk hotunan da baƙin tabarau, ga fuskar tasa kuma waya ta wanke ta fes, ta yi fari kamar ba jinin gidanmu ba. Bidiyo kuwa akwai da yawa, na biki, na majalisa, amma a kowanne shi ne mai riƙe da wayar, sai dai a ji dariyarsa daga gefe. Inna ta duba ta duba, ta miƙa musu kayansu, ta ce wannan ba ɗanta ba ne. Ita so take ta gan shi yadda yake shigowa gida.

A nan ne wani abokinsa, wanda suka yi aikin ayarin tare, ya ce mata ai auta yana cikin fim, in ya fito za ta gan shi da ransa yana tafiya. Na san lallashi yake, amma na ji haushinsa ranar, har yanzu ma ina ji. Wanda ya san halin masu fim ba ya ɗora zuciyar tsohuwa a kan alkawarinsu.

Daga ranar Inna ta shiga sahun masoyan jarumin, ta ma fi su. Matar da ba ta taɓa zama ta kalli fim ba, sai ga shi tana gane fuskarsa a jikin kalandar mai shayi in za ta wuce. Tana sa shi a addu'a bayan salla, Allah Ya ba shi lafiya, Ya ba shi ikon ƙarasa aikinsa. Da aka yi raɗe-raɗin ba shi da lafiya, abinci ma kasa ci ta yi. In na sauka daga motar Birnin Kudu na shigo gida, kafin ta tambayi yara sai ta tambaye ni ko an ji wani abu, tunda a garinmu aka yi abin, a ganinta mu za a fara faɗa wa.

Abokan auta kuma suka mayar da gidanmu wurin kawo rahoto. Su zo su durƙusa su gaishe ta, su ce Inna an ce ƙaramar salla. Ƙaramar salla ta wuce, aka ce babba. Babba ta wuce, aka ce sai bayan kaka. Wata rana suka shigo da murna an saki tallar fim ɗin. Muka kalla. Fuskar jarumin ce tun daga farko har ƙarshe, yana zare ido yana magana, sai can nesa wasu jakuna kamar ƙudaje a jikin dutse. Inna ta ce to ai ga alama nan, abin gaskiya ne.

Daga nan sai shiru. Yau a ce jarumin sun saɓa da mai ɗaukar nauyin fim ɗin, gobe a ce na'urar da aka adana aikin ce ta lalace. Shi kuwa gogan naka bai fasa fitar da finafinan soyayya da rawa ba, ɗaya bayan ɗaya. Samarin suka fara gajiya. Wannan ya yi aure, wancan ya tafi Legas neman kuɗi, sauran suka samu sabon jarumi. Ni kam na yanke ƙauna tun da wuri, kuma ganin Inna tana jiran abin da ba zai zo ba ya fi mutuwar autan kanta ci mini rai. Ran nan na kasa daurewa, na ce mata ta cire rai, fim ɗin nan ba zai fito ba, ta bar yaro ya kwanta da addu'a.

Ba ta yi faɗa ba. Tana tsince wake a faifai ta ce, "Ke kin gan shi a rigar, kin wanke masa ƙafa da ruwan ɗumi. Ni ban ga komai ba."

Ban sake tayar da maganar ba.

Sai da damina biyu ta wuce, har na manta da lissafi, abokin nan na auta ya kira ni ya ce an saka fim ɗin a intanet, ba sanarwa ba komai. Washegari na hau mota. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya jingina wayarsa a jikin turmi, matan maƙwabta suka shigo suka zauna. Inna ta yi wanka ta ɗaura sabon zane kamar mai jiran baƙo.

Fim ɗin dogo ne, surutu ya yi yawa. Jarumin ya yi magana, ya yi kuka, ya sake yin magana. Inna ba ta bin labarin, bayan kowane mutum take leƙawa. Can dai ayari ya ɓullo tsakanin duwatsu, na gane wurin sarai. Abokin ya nuna da yatsa ya ce ga shi nan.

Shi ne. Ko a cikin dubu zan gane wannan kafaɗar ta hagu da take ɗan sauka in yana tafiya. Amma bayansa ne. Yana riƙe da igiyar jaki, kansa a sunkuye, ya yi 'yan taku ya shige bayan wani dutse. Waɗanda ke kusa da shi duk an ga fuskokinsu, har shi abokin, ga shi nan ƙuru-ƙuru yana satar kallo.

Na tambaye shi yaya aka yi haka. Ya sunkuyar da kai ya ce darakta ne ya gargaɗe su, duk wanda ya kalli kyamara zai ɓata wa jarumin aiki, sai an sake daga farko. Kowa ya ce to, amma kowa sai da ya saci kallo. Auta kaɗai ya riƙe maganar.

Muka kalla har ƙarshe ko zai sake fitowa. Bai sake ba. Mata suka yi ta Allah Ya ji ƙansa, suka fara zamewa ɗaya-ɗaya. Inna ta ce a mayar mata wurin. Aka mayar. Ta matso har hancinta ya kusa taɓa wayar, ta ce a sake. A karo na gaba, da ya kusa dutsen, sai na ji ta yi ƙasa da murya, irin yadda take kiransa in zai fita ya manta hularsa.

"Ɗan nan, juyo mana."

Ya shige bayan dutsen da jakinsa.

An tura mini wurin a wayata. Duk zuwan da zan yi Gwaram sai ta ce in sa mata, ni kuma ina sawa, in miƙa mata, in tashi in shiga madafa. Daga can nakan ji ta tana kirana in zo in mayar baya.