Golan da Ya Ƙi Durƙusa wa 'Yar Roba

A garinmu Sainte-Odile, can arewacin Ontario inda ake haƙar azurfa, in ka ce Anatole Gadbois sai mutane su tsaya suna sosa kai. Ka ce Turke kuwa, ko tsohuwar da ba ta taɓa leƙa gidan wasa ba za ta nuna maka ƙofarsa. A bakin raga ya samo sunan, kuma ya ci abinsa.

Ɗan mai saran katako ne. Ya tashi kamar kowane yaro a nan: kogi na daskarewa sai a ɗaura takalma masu ƙarfe, a saro sanda, a yi ta korar 'yar roba a kan ƙanƙara har uwa ta fito da tsawa. Sai dai Anatole ba shi da gudu ko na anini. Don haka yara suka tura shi raga, inda ake tura duk wanda aka rasa yadda za a yi da shi. Ashe gida suka kai shi.

A wancan zamani dokar wannan wasa na hoki ta hana gola taɓa ƙanƙara da gwiwa. A tsaye za ka tare, da sanda, da ƙafa, da ƙirji, da haƙora ma in ta kama. Ka kuskura ka durƙusa, alƙalin wasa ya kaɗa ƙararrawarsa, ka tafi bencin hukunci ka zauna, wani cikin 'yan bayanka ya riƙe maka raga. Sauran masu tsaron gida duk sun ƙware a zamewar ƙarya: su zube a kan roba, su tashi suna rantsuwa santsi ne. Anatole ya ɗauki wannan a matsayin sata. Shi in tsautsayi ya kai shi ƙasa, wanda sai a shekara ba a gani ba, ba ya ma jiran ƙararrawa ta gama kaɗawa. Miƙewa yake ya kai kansa benci, kai a sunkuye.

Da masu ma'adinai suka fara biyan 'yan wasa albashi, aka ɗauke shi. Ya tsare raga a garuruwan tagulla na Michigan, ya tsare a wasu ƙungiyoyin da ko damina biyu ba su yi ba suka watse. Lokacin sanyi yana cikin jirgin ƙasa, ƙanƙara na narkewa ya koma ɗaukar katako a bakin ramin ma'adinai. Babu abin rufe fuska a lokacin, shi ya sa hancinsa ya kwanta gefe guda kamar mai sauraron hirar maƙwabta. Wata ranar da roba ta tsaga masa gira, mai girkin gidan da yake haya, Exilda, ita ta ɗinke shi da zaren ɗinkin bargo tana yi masa faɗa. Da bazara ya aure ta ya kawo ta Sainte-Odile, ya zama golan garinmu, abin da ya fi so ke nan a duniya. Ita ta riƙa cusa masa gashin doki a matasan da yake ɗaurawa a ƙwauri, faɗan kuma bai ƙare ba har tsufa.

Furfura ta fara masa lokacin da labari ya zo cewa manyan ƙungiyoyin birni sun soke dokar durƙuso. Sanyi na zagayowa namu suka bi sahu. Mista Dunphy, manajan ƙungiyarmu, ya kawo wani gola daga yamma mai suna Kinnear, wanda ke birgima a bakin raga kamar kifin da aka jefo kan tudu. Abin haushin shi ne, yana tarewa. 'Yan gaba kuwa duk sun gane Turke: a buga ƙasa ƙasa ta kusurwa, ta shige.

Dunphy ya kira shi gefe. "Anatole, ba na son ɓoye-ɓoye. Ranar Asabar za mu kara da 'yan Fort Ansell. Ka nuna min za ka iya sauka ƙasa, raga taka ce. In ba haka ba, sai dai Kinnear."

"To, Mista Dunphy," in ji shi. Iyakar maganarsa ke nan.

Exilda ta ɗauki abin da zafi. Ta ture teburin kicin, ta tsayar da Anatole a bakin ƙofa, ta riƙa gangaro masa dankali ta ƙasa.

"Sauka! Sauka mana, bawan Allah!"

Sai ya miƙa ƙafa ya tare.

"Wai kai gwiwar taka ta icce ce? Ranar Lahadi fa ina ganinka a coci kana durƙusawa lafiya lau."

"Wannan gaban Ubangiji ne, Exilda. 'Yar roba kuma fa?"

"'Yar robar ce ke kawo naman da ke cikin miyar wakenka, malam mai girman kai. Sauka!"

Ba girman kai ba ne, ita ma ta sani. Tsoro ne ya cika shi, don bai san wane ne shi ba in ba a bakin ragar nan ba.

Asabar da rana gidan wasa ya cika maƙil, tururin baki ya haɗu da hayaƙin lofe. Turke ya tare a tsaye kamar yadda ya saba, aka zo daf da tashi ana kunnen doki. Sai ga ɗan gaban Fort Ansell ya kufce shi kaɗai, ya karkata, ya sharaɓa robar ta ƙasa ta kusurwar hagu. Daga can sama muryar Exilda ta keta hayaniyar: "Dankali, Anatole!"

Ya zube. Gwiwa biyu a ƙasa, rim! Robar ta daki matashin gashin doki ta fallatsa gefe. Gidan ya ɗauka da ihu, mutane na jefa huluna sama. Turke ya durƙusa! Dunphy har rungume na kusa da shi ya yi.

Shi kuwa gogan naka ya miƙe, ya sunkuyar da kai, ya saɓa sanda, ya nufi bencin hukunci.

Ba a kaɗa ƙararrawa ba, wasa bai tsaya ba, babu wanda ya san zai riƙe masa raga. Ɗan Fort Ansell ya ɗauko robar a gefe, ya dubi raga wayam, ya ɗan yi jim kamar mai jin kunya, sannan ya tura ta ciki. Alƙalin wasa ya zo bakin benci ya dafa katako.

"Turke, ni fa ban kaɗa ba."

"Na durƙusa."

"Ai an halatta, ɗan'uwa."

"Na sani," in ji Anatole. "Ƙafafun ne ba wanda ya gaya musu."

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama, har 'yan Fort Ansell. Dariyar ba ta daɗe ba ta koma tafi, mutane suka miƙe tsaye. Amma tafi ba ya maido ci. An cinye mu, Dunphy kuma ya ce saukar da ta bar raga wayam ba ita ya nema ba: raga ta zama ta Kinnear. A hanyar gida Anatole ya yi kuka sosai, hawaye na daskarewa a gashin bakinsa. Exilda ta riƙe masa hannu, ranar ce kaɗai ba ta yi masa faɗa ba.

Mako na zagayowa Dunphy ya ba shi kula da ƙanƙarar gidan wasan. Aikin kuwa na durƙuso ne: ka bi fili da bokitin dusar ƙanƙara jiƙaƙƙiya, duk inda ya tsage ka cusa ka shafe da tafin hannu. Exilda ta farke tsofaffin matasan ƙwaurinsa ta ɗinka masa gashin dokin a gwiwar wando, tana mita wai da ya iya haka tun farko da dankalinta bai ƙuje ba.

Haka muka san shi har ƙarfinsa ya ƙare, tsoho mai karkataccen hanci yana jan gwiwa daga wannan bango zuwa wancan. Sai in ya iso gaban raga. Nan zai dafa bokiti ya miƙe da ƙyar, ya ɗauko shebur mai dogon ƙota, ya gyara wurin a tsaye.